Inna Hajara ta bakin bola ta rasu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin tafiya makarantar da nake koyarwa aka kira ni wai Inna Hajara ta rasu. Amai da gudawa, kwana ɗaya tak.



In kana bin hanyar bayan kasuwa ka san ta, tsohuwar nan mai tsintar robobi da gwangwani a bola. Daga wani ƙauye na wajen Randagi ta gudo da jikokinta uku, bayan 'yan bindiga sun kashe ɗanta a gona. Ba ta da kowa a gari, sai ta kafa ɗaki da buhuna da tsohon kwano a gefen bolar.

Kullum kafin ta fara tsinta sai ta kwashe kwalabe da ƙusoshi daga hanyar da ɗalibanmu ke bi, don yawancinsu ba takalmi.

Akwai ranar da aka zubar da ID card ɗina cikin shara. Ta wanke shi, ta yi ta nuna wa mutane hoton har ta iso ajina.

Ranar Alhamis na gan ta ƙarshe. Ruwan sama ya koro ƙazantar bolar har cikin ɗakinsu, tana kwarfewa da kwano. Na leƙa rijiyar da suke sha, ruwan ya yi baƙi.

Na ce, "Inna, don Allah kada ku sha wannan."

Ta ce, "To Malama, wanne za mu sha? Mai ruwa ba ya shigo da kurarsa nan."

Na ce zan kawo musu na bohol ranar Asabar. Na shiga hidimar biki, ban je ba. Wannan ne ke ci na.

Yanzu haka jikokinta biyu suna asibiti ana ƙara musu ruwa. Ƙaramar, Safiya, ba ta buɗe ido ba tun jiya. Akwai wasu iyalan a bakin bolar, rijiyarsu ɗaya.

'Yan uwanta na ƙauye ba za su samu jana'iza ba, hanya ba ta biyuwa.

Allah Ya jiƙan Inna Hajara, Ya yafe mata, ni ma Ya yafe mini. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ya kuma roƙa wa Safiya Allah Ya tashe ta.