Ranar da Na Kori Baba daga Ɗakin Gwaji

A masallacin layinmu a Suleja babana ne yake tsayawa daidai bayan liman. Shi ba na'ibi ba ne, ma'aikacin ofis ne a Abuja, amma in liman ya kakare a tsakiyar aya, kafin ya ja numfashi Baba ya ɗora shi. Ƙanina ya rantse mini akwai ranar da tari kawai liman ya tsaya yi, Baba ya ƙarasa masa surar. Mutanen unguwa suna yabonsa a kan haka. Ni kuwa wannan halin nasa ne ya kusa sa in maimaita aji biyu na ƙaramar sakandare.

Karatu bai taɓa shigata yadda yake shigar mutane ba. Idona garau yake, an gwada shi a asibiti, na hango har ƙudan da ke bangon bayan likita. Ina ganin haruffan, na san sunan kowanne. Haɗa su ne aiki. In na kamo farkon kalma, kafin in kai ƙarshenta farkon ya sulale ya gudu. Amma ka karanta mini abu da baki sau ɗaya, gobe zan mayar maka da shi har da inda ka yi atishawa.

A gida ba a taɓa barina na kakare ba. Da na fara jan harafin farko, sai Baba ya faɗi kalmar, in maimaita, mu wuce. In ba ya nan, Umma ta jefo mini daga kicin. Ƙanina ma, yaron da na goya, yakan faɗa mini bakinsa cike da ƙosai. Saboda haka a gida ni mai karatu ce, sai dai ɗan nauyin baki. A ɗakin jarrabawa kuwa babu mai ɗora ni. Takardata takan dawo da jan biro kamar an yanka kaza a kanta, sannan bulala ta biyo baya. Malamin Turancinmu ya dake ni har na iya gane sandar darbejiya daga ƙararta a iska. Sunan da ya raɗa mini Hajiya Lalaci, kuma 'yan ajin suka karɓe shi hannu biyu.

Da shekara ta ƙare, shugabar makarantarmu ta kira Baba ta ce sai na maimaita aji. Ƙanina kuma aji biyu zai shiga. Wato zan zauna benci ɗaya da shi, yana ɗaga hannu yana ba da amsa, yana komawa gida da rahoton bulala nawa na sha. Na gwammace ƙasa ta tsage. Amma shugabar ta bar ƙofa ɗaya. Ta ce akwai wata cibiya a Abuja da ake gwada yara masu wahalar karatu. In gwajin ya nuna akwai matsala, za ta bar ni in wuce aji uku, a riƙa ƙara mini lokaci a jarrabawa. In ya nuna ƙalau nake, to lalaci ne, in maimaita.

Duk bayanin nan, kalma ɗaya Baba ya ɗauko ya zo da ita gida: gwaji.

Kullum ya dawo daga aiki, ko takalmi bai gama cirewa ba, sai ya ce in ɗauko littafi. Ya sa na haddace littafin karatun ajinmu daga bango zuwa bango. Ya saya mini sabon fensir da zabibi, wai yana buɗe ƙwaƙwalwa. Na ci zabibin nan har na fara jin ƙanshinsa a gumina.

Na ce, "Baba, shugaba ta ce ba irin jarrabawar da ake ci ba ce."

Ya ce, "Mamana, babu jarrabawar da ake zuwa don a faɗi." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. "Ki dai yi ƙoƙari kada ki ba ni kunya a gaban 'yan Abuja."

Ran tafiya muka shiga motar haya da sauran masu zuwa aiki. Tun kafin mu wuce dutsen Zuma ya fara nuna mini allunan bakin titi. "Karanta wancan." Kafin in gano inda allon yake, ya karanta sunan garin da ke jiki. "Madalla. Karanta wancan." Wani fasinja ya taya shi. Muna cikin gosulo, mota guda tana yi mini karatu, ni kuma ina kallon ƙeyar direba ina jin kamar in buɗe ƙofa in koma Suleja a ƙafa.

Matar da za ta gwada ni ba ta kai Umma shekaru ba, tana Hausa irin ta mutanen Jos. Ta gaishe da Baba da ladabi, ta nuna masa kujera a waje.

Ya ce, "A'a, babu komai, zan zauna daga can gefe. Ba zan ce uffan ba."

Ta dubi furfurarsa, ta ƙyale shi. Ya ja kujera ya zauna daidai bayana.

Da farko abin ya tafi daidai. Ta ba ni labari da baki, ta yi tambayoyi, na amsa har da ƙari. Ta ba ni wasu katakai in jera su yadda suke a hoto, na jera. Ina jin Baba a bayana yana cewa "Masha Allah" a hankali. Sai ta miƙo mini kati mai jerin kalmomi, ta danna agogo, ta ce in karanta da ƙarfi.

Na karanta ta farko da ta biyu. A ta uku na tsaya. Sai na ji raɗa a bayan kunnena. Bakina ya maimaita kafin in yi tunani, don ya saba. A ta gaba Baba ya yi gyaran murya, kuma kalmar tana cikin gyaran muryar. Wallahi mutumin nan ya iya tari da Turanci.

Matar ta ce, "Baba, don Allah a bar ta."

Ya ce, "Ai ban ce komai ba. Ta san shi, mantawa ta yi."

Ta kawo wani katin. Wannan kalmomin ƙirƙira ne, babu su a kowane harshe, an yi su ne don a ga ko yaro yana iya haɗa haruffa ba tare da hadda ba. Baba ya leƙo ta kafaɗata, ya gyara tabarau.

"Malama, akwai kuskure a takardarki. Wannan ba kalma ba ce."

"Da gangan ne, Baba."

"To ta yaya za a tambayi yarinya abin da ba a koya mata ba?" Duk da haka ya karanta mini ita.

Matar ta tsayar da agogon, ta ajiye biro. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, ni abin da kunnena ya ji daga bakinta zan rubuta. In aka ci gaba haka, zan rubuta cewa tana karatu daidai."

Baba ya yi murmushi. Murmushi fa! A wurinsa an kusa cin jarrabawa.

Ni kuwa sai na hau lissafi. In ta rubuta ina karatu daidai, shugaba za ta ce lalaci ne. Malamin Turanci ya yi gaskiya ke nan, duk bulalar da na sha ta halatta, kuma benci ɗaya da ƙanina ya tabbata. An kawo ni wuri ɗaya tak a duniya da ake so a ga yadda nake kakarewa, kuma nan ma an hana ni.

Ban juya ba, don in na ga fuskarsa ba zan iya ba. Na ce, "Baba, don Allah ka fita."



Ya ce, "Me kika ce?"

"Ka fita, Baba. Ban iya ba. Ka bari ta gani."

A gidanmu ko kaza ba a kora a gaban Baba sai an nemi izini. Na ji kujera ta motsa, na ji ƙofa ta buɗe ta rufe a hankali. Da ma bugo ta ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Matar ta miƙo mini ruwa, ta sake danna agogo. Na yi karatu mafi muni da aka taɓa yi a Abuja. Na tsaya a kan wata kalma har na ɗauka za a kira sallar azahar ina kanta. Ba wanda ya ce komai. Ta bar ni na ja, na faɗi ba daidai ba, na koma, na sake ɓatawa. Hawaye yana ɗiga a kan katin, ta sa hannu ta goge ta ce in ci gaba. Ta sa na yi rubutu, na yi mata wanda ko ni ban iya karanta shi ba.

Da muka gama ta aika a kira Baba. Bai zauna a kujerar jira ba, a rana aka same shi tsaye. Ta yi masa bayani cewa abin da ke damuna sunansa disleksiya, ba ciwon ido ba ne, ba rashin hankali ba ne, ba lalaci ba ne, kuma akwai hanyar koyar da irina. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To ta ci ko ta faɗi?"

Ta ce, "Mun samu abin da muke nema."

A hanyar komawa bai nuna mini allo ko ɗaya ba, bai kuma yi mini magana ba. Muna shiga gida ya ce wa Umma, "'Yarki ta kore ni a gaban mutane." Mutum ɗaya ce fa, amma a bakinsa ta zama kasuwar Sabon Wuse.

Shugaba ta cika alkawari. Da sakamakon ya iso ta ce in wuce aji uku, kuma a ƙara mini lokaci. Malamin Turanci da ya ji, cewa ya yi yanzu lalaci ma ya samu sunan Turawa. Bai sake dukana ba, don an hana shi, amma ko sannu bai ce mini ba.

Umma kuwa ta tsare ni a kicin ta ce ko aji goma na wuce sai na je na ba Baba haƙuri. Na ce ni wa zai ba ni? Ta ɗaga muciya, na tafi.

Na same shi a tabarma bayan la'asar, na durƙusa. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri da yadda na yi maka magana."

Ya dubi carbinsa. Ya ce, "Da na fita, kin karanta?"

"Na karanta."

"Daidai?"

"Ko kusa."

"Kuma ba ta gyara miki ba?"

"Ba ta gyara ba."

Ya girgiza kai kamar an ba shi labarin wata ƙasa da ba a salla. "Tashi, Mamana," ya ce. "Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin, na tashi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na ɗauki filo na yi ta dukan katifa da shi har Umma ta ƙwala mini kira ta ce in fito in tsince shinkafa.