Wazirin da Bai Ci Tuwon Sarki Ba

A hawa na bakwai na wani bene muke zaune a Bron, a gefen birnin Lyon, inda baba ya kawo mu bayan soja sun kifar da gwamnati a gida. Shi mai ba wani minista shawara ne, Alhaji Maman, mutumin da ya ɗauke shi tun yana ɗan lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, ya karantar da shi, ya yi masa aure. An kama Alhaji, mu kuwa muka tsira da akwatuna huɗu da kakata Inna.

Inna ta ƙi jinin gidan nan. Ba murhu, ba tsakar gida, sai ƙarfen ɗumama ɗaki manne da bango, shi ma cewa take wutar da ba ta da harshe ai ba wuta ba ce. Duk da haka nan take jingina bayan isha'i, ta miƙe ƙafa, ni da ƙanena Sani mu raɓe ta. Tram, jirgin ƙasan cikin gari, na wucewa can ƙasa, ita tana ba mu tatsuniyar kura da dila har mu yi barci a cinyarta.

Ran nan aka bugo waya daga Yamai. Sababbin masu mulki na son baba ya koma, za su ba shi babbar kujera. Kowa a gidan ya sani. Inna kuwa ba ta da bakin yi masa magana, don ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗa, "wancan" take ce masa, in ya shigo ɗaki ta kau da kai. Da maraicen, baba na zaune gefe da jarida, sai ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan, amma ta yau ba ta namun dawa ba ce. A Makka na samo ta, a bakin wata Ba'indiya da muka yi maƙwabtaka."

Muka ce, "Ta zo, Inna, kunnuwanmu na nan."

Ta ce wani mutum ne a ƙasar Hindu, Baraman, wato ɗan gidan malaman addininsu. Maraya ne, ba shi da komai sai kai. Sarki ya gan shi yana rubutu a rumfar wani ɗan kasuwa, ya ɗauke shi. Daga magatakarda ya zama mai shawara, har sarki ba ya ɗaura yaƙi sai ya ji ta bakinsa. Sai dai a al'adarsu ba sa cin girkin wanda ba nasu ba. Shekara talatin a fada, kullum a aiko masa akushi daga cikin gida, kullum ya mayar a rufe, ya dafa 'yar shinkafarsa da hannunsa.

Turawa suka zo suka ci garin, aka kashe sarki a bakin ƙofa. Ba a yi bakwai ba, ga Baraman a gabansu. Suka ɗora wani ƙaramin yaro a gadon sarauta, Baraman kuwa suka naɗa shi waziri, ƙasa duka ta dawo hannunsa. Matar marigayi ta aika a tambaye shi ina amana. Ya ce, "Ƙasa na yi wa aiki, ba mutum ba. Ko lomar mijinki ɗaya babu a cikina."

Sani ya ce, "Sai Allah ya kama shi, ko?"

"Ina! Rijiyoyi ya haƙa, ya gyara hanyoyi, ya tsufa ana faɗuwa gaishe shi, ya mutu a kan gadonsa." Ta gyara mayafi, idonta na kan bango. "Shi dai yana da abin faɗa, bai ci ba. To wanda ya sa hannu kwano ɗaya da mutum shekara ashirin fa, shi me zai ce?"

Ba ta rufe tatsuniyar ba. Baba ya juya shafin jarida, ya sake juyawa. Kwana goma bayan nan ya hau jirgin Yamai, ya bar mu a nan.

Inna ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba. In mun matsa mata sai ta ce bakinta ya bushe. A sanyi na uku ta rasu, aka binne ta a ƙasar da ko gaisuwarta ba ta iya ba, baba ya iso bayan an dawo daga maƙabarta. Alhaji Maman kuwa a tsare ya mutu.

Na daɗe ina jin haushin baba, wallahi har yau ban gama ba. 'Yan gida in sun zo Paris sai su ce mini ubanki ya yi aiki, kuma ban ƙaryata su ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne karatuna na Lyon, da wannan aikin da nake taƙama da shi, duk daga kujerar nan suka fito. Ni ma na ci, kuma na ƙoshi.

Bara na ga Rakiya, 'yar Alhaji Maman, a unguwar Porte de la Chapelle ta Paris tana sayar da gyale a bakin hanya. Tare muka shiga lakwal a Yamai, tare ake yi mana kitso. Na ruga na kama hannunta, na shiga jero gaisuwa, ina gida, ina su Hajiya, yaya bayan rabuwa. Ta bari har na gama. Sannan ta zare hannunta a hankali, ta tambaye ni da Faransanci wane launi madam take so.