Murtala na Bakin Layin Dogo da Dawar Kakarsa

Duk wanda ya taɓa cin shinkafa da wake a rumfata, nan bakin layin dogo a Funtua, ya san yaran nan. Za ka gan su jere a tsugune, dugadugai a ƙasa, kowa da wandon 'yan ƙwallo na gwanjo mai ratsi a gefe, an juya hula baya, ana tauna aya ana tofar da tuka. Ko ka miƙa musu benci ba za su zauna ba. Wai benci na masu jiran fansho ne, su mota suke jira, da zarar babbar mota ta rage gudu su ɗare su tafi lodi.

Mutanen gari suna ɗaya suke kiran su da shi: kauraye. Waya ta ɓace a tasha, su ne. Akuya ta yi ɓatan kai, su ne. Ni Silifat a garin nan aka haife ni, uwata ta sayar da abinci a wannan rumfa kafin ni, na san su ciki da waje. Akwai masu ɗan hali a cikinsu, ban musa ba, na taɓa kwaɗa wa ɗaya ludayi a ka. Amma yawancinsu rashin abin yi ne kawai ya jera su a wurin.

Murtala shi ne babbansu. Dogo, baƙi, ga tabo a gira, ga baki kamar reza. Wata rana ya miƙo mini waya yana dariya har da buga cinya.

"Iya, duba 'yan'uwanmu na ƙasar Rasha!"

Na duba. Wallahi wasu jajayen samari ne a tsugune gindin wani dogon bene, wando irin nasu, suna ɓare wasu 'yan ƙwayoyi da haƙori suna tofarwa. Ya ce can ma haka ake tsallake titi in an hango su. Na ce, "To sai me? Ka samu dangi a Turai, sai ka aika musu goron zumunci." Ya yi dariya, amma da ya karɓi wayar ya daɗe yana kallonta. Can ya ce a hankali, "Iya, dubi wancan, har furfura ya fara, yana nan tsugune." Ranar bai gama cin abincinsa ba.

Ubansa Maikuɗi na san shi. Daga wani ƙauyen Maguzawa ya fito, can bayan Tsiga. Ya shigo gari yana saurayi, ya musulunta, ya yi aiki a injin gurzar auduga har aka rage ma'aikata, daga baya ciwon ƙirji ya tafi da shi. Bai bar wa Murtala ko bulo ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne gonar gidansu a ƙauye, a hannun kakar yaron, wata 'yar ƙaramar mata da kowa ke kira Tsohuwa tun ba ta tsufa ba.

To a bara, gab da faɗuwar damina, Tsohuwa ta aiko masa. Ta ce ƙarfinta ya ƙare. Sanda, jikan ƙanin mijinta, ya daɗe yana taya ta noma, kuma dangi sun ce a bar masa gonar. Ita kuwa ta ce sai ta gwada jinin ɗanta tukuna. In Murtala ya noma gonar damina guda ta ga abin kirki, tasa ce. In ya kasa, ta Sanda ce, kuma kada ya sake buɗe baki.

'Yan layin dogo suka yi ta masa tsiya. "Manomi! A kawo mana ɗanyar masara!" Ni ma na ce masa, "Kai da ba ka san inda ake riƙe fartanya ba?" Ya ce, "Iya, ko da haƙori ne sai na noma ta. Ba zan yi furfura a bakin ƙarfen nan ba."

Ya tafi. Shi da Tsohuwa suka shuka masara, yana sara tana zuba iri tana zaginsa. Wasan kaka da jika ne tsakaninsu, "mijin banza" take ce masa, shi kuma ya ce mata "amarya." Da aka gama ya dawo gari neman na taki. Da masara ta kai gwiwa, ciyawa ta taso, sai ya ce gayya zai kira, kamar yadda ya ji ubansa na faɗa: a tara majiya ƙarfi, a ciyar da su, su nome gona rana guda. Majiya ƙarfin da yake da su kuwa su ne 'yan wandon gwanjo. Ya roƙe ni in je in dafa musu. Na rufe rumfa na bi su, don ina son in ga wannan abin mamaki da idona.

Ranar gayyar Tsohuwa ta tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye. Murtala ya ce hakan ma ya fi, ta dawo ta tarar an gama. Ya tsaya a bakin gona kamar wani kwamanda ya ce, "Duk abin da ba masara ba, a kashe shi!"

Kai, yaran nan sun yi aiki! Maitama, wanda ko tsinke ba ya ɗagawa sai an yi ciniki, hannunsa ya yi kanta ya fashe bai tsaya ba. Kafin la'asar gona ta yi fes, masara tsaye ita kaɗai, ƙasa ja kamar an share da tsintsiya. Suna cin tuwo suna ihu sai ga Tsohuwa da sandarta.

Ta tsaya. Ta gangara ɓangaren da ke kusa da rafi. Ta sunkuya ta ɗauki wata 'yar ciyawa da ta yi yaushi, ta juya ta a tafin hannu. Sai kawai ta zauna daɓas a ƙasa.

Ashe bayan Murtala ya koma gari, ta bi tsakanin masarar ta shuka dawa a duk wannan ɓangaren. Ba ta gaya masa ba, don a ƙauyen ko yaron da bai yi wayo ba ya san ana haka. Ƙaramar dawa kuwa ga ɗan birni ciyawa ce sak. Farafara ce, irin da ta zo da shi daga gidan ubanta ranar da aka kawo ta, kowace shekara tana zaɓen zangarniya ta rataye, kuma bana kaf ta zuba shi a ƙasa. Yaran sun bi ta layi-layi sun sare, rana ta ƙarasa sauran.

Ba ta yi zagi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, "Murtala, kwashe mutanenka ku tafi." Ba ta ce mijin banza ba. Na tausaya mata har hawaye ya zo mini, na kuma ji kamar in shaƙe shi.

Yawancin yaran suka hau mota suka gudu saboda kunya. Murtala ya ce ba inda za shi. Maitama da wani shiru-shiru mai suna Abubakar Sadiq suka tsaya tare da shi. Ni ma na kwana biyu, don wani ya dafa musu.

Sanda ne ya ba shi dabara, kuma wannan ya sa nake ganin girman mutumin har gobe, tunda shi gonar za ta faɗa wa. Ya ce lokacin sake shuka ya wuce, amma dawa tana karɓar dashe. Yanzu kowa na rage tasa inda ta yi cunkoso yana zubarwa. Kuma rabin ƙauyen a wajen Tsohuwa suka taɓa karɓar iri. In zai iya bin gonaki ya roƙo, ya dasa cikin ruwa, wata za ta kama.

Roƙon shi ne tashin hankali. Kun san zamanin da muke ciki, baƙon ido a ƙauye ba abin wasa ba ne. Samari uku da irin wannan shiga suna leƙa gonakin mutane? Gona ta farko matar da ke ciki ta yar da fartanya ta zura da gudu. Kafin azahar 'yan sa-kai sun tare su, wai masu kai wa 'yan bindiga rahoto ne. Sai da Sanda ya je ya tsaya musu.

Murtala ya dawo idonsa jajir. Na ɗauka shi ke nan, zuciya za ta ɗebe shi. A'a. Ya cire hula ya cusa a buhu, ya tuɓe takalmi, ya sa sauran suka yi haka. Suka koma gona-gona. Daga nesa za su yi sallama, su zube a tsugune, ba za su tashi ba sai mai gona ya amsa.

"Baba, ni ne jikan Tsohuwa, ɗan Maikuɗi. Ni na sare mata dawa. Abin da za ku zubar nake roƙo."

Wani ya kore su. Wani ya yi dariya har ya riƙe ciki sannan ya ce su ɗiba. Wata mata ta ce ita ta goyi ubansa, ta cika musu buhu da kanta.

Duk ranar da hadari ya haɗo, mutane na gudu gida, su suna gudu gona. A datse kan ganye, a huda ƙasa da tsinke, a dasa, a danne da yatsa, a matsa gaba. Wuni guda a tsugune cikin taɓo, ruwa na dukan bayansu. Tsofaffin ƙauyen suka riƙa tsayawa kallo, suna cewa ba su taɓa ganin masu gwiwa irin wannan ba. Na ce a raina, ai shekarunsu nawa suna horo. Wata ta kama, wata ta bushe, ya sake roƙowa ya cike gurbi. Zazzaɓi ya kayar da shi, ya tashi ya koma. Duk wannan lokaci Tsohuwa sai dai ta aje masa tuwo a bakin ƙofa ta juya.

Da kaka na koma, don an ce ranar za a yanke magana. Masara ta yi kyau ƙwarai. Dawa kuwa, gaskiya, ba ta kai ta maƙwabta ba: wata doguwa, wata gajera, ga giɓi nan da can. Dangi suka taru a bakin gona. Tsohuwa ta nuna ɓangaren tudu da sandarta, inda masara ta fi albarka, ta ce na Sanda ne, ya yi mata wahala shekara da shekaru. Sannan ta nuna gangaren rafi, inda dawar ta tsaya a karkace.

"Wannan naka ne."

Ya ce, "Kaka, inda na ɓata za ki ba ni?"

Ta ce, "Masara ko ɗan ƙwadago zai noma mini ita. Nan ne na ga abin da kake yi in abu ya lalace a hannunka. Ubanka, da fara ta cinye masa gona shekara guda, gari ya gudu, bai sake waiwayo ba. Kai ka tsaya."

Ta shiga cikin dawar tana ɗingishi, ta lanƙwaso wata zangarniya mai nauyi, ta miƙa masa wuƙa.

"Zo nan, mijin banza, in nuna maka wadda ake ajewa don iri. Baɗi ba lalle ina nan ba."

Ƙaton nan da duk tasha ke shakka ya karɓi wuƙar, ya kasa ganin inda zai yanka. Sai da ta kama hannunsa ta ɗora a wurin.