Ƙanena a Tsibirai

A shekarun da 'yan yawon buɗe ido ke cika Agadas, ni direban kat-kat ne, motar ratsa rairayi. Ina kai su hamadar Tenere, wani lokaci har Sigidin, can yankin Kawar. Ni na ɗauko ƙanena, ɗan baffana, daga lambun albasarsu a Dabaga, na saka shi cikin ayarinmu ya riƙa dafa abinci. Ko gurasar toka ni na koya masa.

Akwai wani tsohon anasara da ya saba zuwa, kullum motata yake shiga. Da baƙi suka ɗauke ƙafa, sai ga kiransa. Ya sayi jirgin ruwa mai tafiya da iska, zai zaga wasu tsibirai can ƙarshen duniya, yana neman abokin tafiya. Na ɗauka ni yake nufi, har na fara tunanin abin da zan faɗa wa matata.

"Ka ba ni lambar ƙanenka," ya ce. "Tuƙi ina da mai yi. Mai miya nake so."

Na ba shi.

Daga nan hotuna suka fara shigowa wayata. Ga ƙanena tsaye a jirgi, ƙaton farin ƙyalle ya kumbura da iska a bayansa. Ga ruwa shuɗi garau, ana hangen kifi a ƙasa. Ga wani tsibiri da babu hanya, babu mota, mutanensa sun zo cikin kwalekwale da kwakwa da ayaba. Yaron da ko tafkin Dabaga ba ya shiga sai ya riƙe dutse! Nakan kalla a ɓoye, in mayar masa da "Madalla" kawai.

Da ya dawo, fadarmu ta shayi ta koma tasa. Ya ba da labarin yadda ya yi ta amai a farkon tafiya, da yadda alƙibla ke juya masa yana tsakiyar salla, da kunkurun teku mai faɗin tabarma. Ya ce a wani tsibiri sun tarar da tsohuwa mai ciwon ido, ya dafa mata shayi irin namu, ta hana su tashi sai da ta cika musu jirgi da doya.

"Ai duk ɗaya ne da Kawar," na ce. "Ka yi ta tafiya ba komai, sai ka ga dabino."

Ba wanda ya juyo. Mai zuba shayi ma ƙanena ya fara miƙa wa kofi.

A gida ya kawo wa matata ƙaton kwanson teku, ta ɗora shi saman kwanukanta. Ɗiyata ta wuni da shi a kunne. Ta ce, "Baba, kai me ya sa ba ka taɓa zuwa teku ba?"

Na ce ta je ta taya uwarta aiki.

Bayan damina tsohon ya sake kiransa. Ni na kai shi tashar mota, na ɗaura masa kaya da kaina.

"Yaya, me zan zo maka da shi?"

"Ka dawo lafiya," na ce.

Ya rungume ni yana ƙwalla, da gaske yake. Hakan ya fi komai ƙona min rai. Da motarsu ta ɓace, na wuce Dabaga ɗaukar albasa.