Ruwan Randa a Kwalbar Awo

Ka taɓa ganin inda karamci ya ɓata aiki? Ya faru da Malam Habila, duba-garin unguwarmu a Malumfashi, a 1983. Shekara goma sha tara ya yi yana zagaya rijiyoyi sittin da huɗu a kan keke ɗaya.

Wadda ta fi damun sa ita ce ta ƙofar gidan Tsohuwa, wata dattijuwa mai sayar da daddawa. Gida arba'in da ɗaya ke sha a nan. Taku tamanin daga bakinta akwai garejin gyaran tarakta, inda ake wanke ƙarafa da wani ruwan magani mai narkar da baƙin mai, a tuttular da shi a rami. Mata suka fara cewa ruwansu na warin gareji. Habila ya nemi a rufe rijiyar, ofishin lafiya ya ce sai da takardar awon ruwan.

Sau uku yana bar wa Tsohuwa kwalba ta cika masa kafin ya gama zagaye, sau uku yana kai wa mai awon ruwa a Zariya. Amsa ɗaya: ruwa lafiya lau.

A karo na huɗu ya jingine keke ya zauna. Sai ga ta ta nufi ɗaki da kwalbar.

"Inna, ina zuwa? Ga rijiya nan."

"Haba ɗan nan! Ruwan guga zan aika wa manyan Zariya, da ɗuminsa da ƙasarsa? Na randa nake zuba musu, tatacce, mai kwana biyu."

"Ai ba sha za su yi ba."

"To wanka za su yi da 'yar kwalba?"

Mai awon ya taɓa gaya masa cewa maganin bin iska yake, in ruwa ya kwana a buɗe sai maganin ya fice. Habila ya ja guga da kansa, ya cika kwalba har baki ba ko kumfa ɗaya, ya toshe, ya naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Cikin awa huɗu tana Zariya. Bayan kwana goma sha biyu takarda ta zo: akwai maganin.

Aka rufe rijiyar da kankare, aka haƙa sabuwa a kan tudu, taku ɗari uku daga gidan Tsohuwa. Tsohuwa ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwarsa, wai ya ƙara mata tafiya.

In akwai gareji ko masana'anta kusa da rijiyarku, ja ruwan da hannunka, cika kwalbar gilashi taf, ka kai ofishin lafiya a ranar, ka nemi a aika awo. Don Allah gwada a makon nan.