Fuskar da Na Hana a Zuba

Lokacin da kuɗin fetur ya fara tumbatsa, gwamnatin jiharmu ta turo ni London in koyo aikin gidan tarihi. Sashen da aka jefa ni kuwa na fuskokin matattu ne. In babban mai zane ko mai sassaƙa ya mutu, sai Turawa su shafe fuskarsa da mai, su kwaɓa filasta su lafta masa, in ta bushe su ɓamɓare, daga baya a zuba ta da tagulla. Aikina in goge su, in bi tarihin kowacce, yadda ta fito daga hannun magada ta faɗa hannun 'yan gwanjo har ta ƙare cikin gilashi. Akwai wadda na ga gashin girar mutumin maƙale a filastarta. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Muna zaune gida ɗaya a unguwar Lewisham da wani ɗan garinmu da ya girme ni, Yaya nake ce masa. Mai zane ne, Turawa har rububin aikinsa suke yi. Ciwon huhu ya kayar da shi cikin hunturu, bai tashi ba.

Ina asibiti ina fafutukar karɓar gawa, sai ga shugaban sashenmu, wani dattijon Bature, da bokiti da buhun filasta. Wai karramawa ce, ba su taɓa yi wa ɗan Afirka ba. Har da cewa tunda na san aikin, ni zan riƙe masa kan. Ni da na rufe wa Yaya ido da hannuna, na ɗaure masa haɓa! Raina ya yi mummunan ɓaci.

"Ba mai taɓa shi," na ce. "Mu wanka muke yi wa namu, mu suturta shi, mu kai shi makwancinsa. Ba ma baje fuskarsa 'yan yawon buɗe ido suna leƙe suna tauna cingam."

"Nan gaba ba wanda zai san kamanninsa," in ji shi.

Na tokare ƙofa, har wani likita ɗan arewa da ke taimaka mana ya iso.

"Na yi booking ɗin motar ɗaukar gawa, Malam. Mu tafi kar azahar ta wuce mu."

A masallacin da ke gefen Regent's Park muka sallace shi.

Baturen bai yi ƙarya ba. Yaya ya bar matarsa da ciki a gida, kuma hoton fasfo kaɗai gare shi, shi ma ya koɗe. Da yaron da ta haifa ya zama magidanci ya zo ya same ni.

"Baffa, yaya kamanninsa yake?"

Na runtse ido, fuskar ta ƙi zuwa. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Na kwashe labarin filasta na gaya masa, na ce ni na hana, kuma ko yau aka sake zan hana.  Sai ya tambaye ni wa ya yi wa babansa wanka. Na ce ni ne.