Rigar Kare ta Yaya Hamisu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Hamisu. A nan Jidda ciwon ƙoda ya ɗauke shi, muka sallace shi bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa. Kabarinsa babu alama, kamar na kowa a ƙasar nan. Zan fara da faɗin ko wane ne shi, sannan halin da nake ciki, sannan abin da ya hana ni yin shiru a bana kamar yadda na saba.

Mu mutanen Nijar ne, daga wani ƙauye a yankin Tawa. Shi ya fara zuwa. Ya samu aikin tsaron garken tumaki a kudancin gari, can inda gidaje suke ƙarewa, sai fili da kwari. Mai garken dattijo ne da ake kira Abu Turki, kuma shi ne kafilinmu, wato iƙamarmu, takardar izinin zama a ƙasar, a kan sunansa take. Daga baya Yaya ya roƙe shi ya kawo ni in kama masa aikin ciyarwa da shayarwa. Da ya rasu, aikin duka ya dawo kaina, har da karensa.

Sunan karen Duna. Baƙi ne, mai yagaggen kunne. Duk wanda ya san kudancin Jidda ya san karnukan da ba su da ubangida, waɗanda suke yawo gungu-gungu a kwari, su haƙa ƙarƙashin shinge su ja ɗan rago. Yaya yakan ce aikin karen garke ba faɗa ba ne, kare ɗaya ba ya iya gungu. Aikinsa ya ji, ya yi haushi, mutum ya tashi da fitila da sanda. Duna ya yi wannan aiki a hannun Yaya, ya ci gaba da yin sa a hannuna.

Yanzu ya tsufa. Idonsa ya yi fari, kunnensa ya toshe. Ni kuma ina shan maganin hawan jini da yake sa ni barci mai nauyi. Tun farkon haihuwar tumakin bana nake tashi da safe in tarar da rami a gindin shinge, da jini, da tunkiya tana kuka tana neman ɗanta. Na toshe ramuka da duwatsu. Na ƙara waya. Sai su haƙa wani wuri.

Abu Turki ba azzalumi ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya zo da kansa, ya tsaya ya dubi jinin.

"Ya Idris," ya ce, "ni ma na tsufa. 'Ya'yana ba su son warin tumaki. Ka nemo wani kare, ko daga ina, ni zan biya. Amma in aka kai layya ana wannan ɓarna, halas, shi ke nan, zan sayar da garken."

"To ni fa, ranka ya daɗe?"

Ya shiga mota. Na san amsar. In babu garke babu aiki, in babu aiki babu iƙama, sai takardar fita ta har abada. Shekaruna sun kusa sittin. Wane kafili ne zai ɗauki tsoho mai hawan jini? A ƙauyenmu gidan mahaifinmu ya rushe, gonar kuma tana hannun waɗanda ban san fuskarsu ba. In na tafi, na bar Yaya a wannan ƙasa shi kaɗai, ba mai zuwa ya tsaya a bakin maƙabarta ya yi masa addu'a.

A nan dole in faɗi saɓanin da yake tsakanina da shi, domin ba a gane sauran labarin sai da shi. Ni ba na taɓa kare. Ɗan karatun da na yi, a wani masallaci na yi shi a unguwar Mahjar, kuma malaman nan suna tsanantawa a kan yawun kare. Malaman garinmu sun sauƙaƙa, Yaya kuwa a kan nasu yake. Amma ba ya son wanda zai tsaya kusa da shi a sahu ya shiga damuwa. Saboda haka ya ware wata tsohuwar jallabiya mai ruwan ƙasa, ya buga mata ƙusa a jikin rumfa. Ita muke kira rigar kare. In zai je wajen Duna sai ya ɗora ta a kan kayansa. In ya gama ya cire, ya rataye, ya wanke hannu, ya yi alwala. Ba ya wanke ta sai dole.

"Liman," haka yake tsokanata, "zo ka gaisa da abokin aikinka."

"Abokin aikinka dai."

"Kai kana minshari shi yana gadi, wa ya fi wani cin halal a cikinku?"

Bayan rasuwarsa ban canza ba. A roba nake zuba wa Duna abinci, in tura masa da ƙafa. Rigar ta zauna a ƙusarta har wata iska ta kayar da ita. Duna ya je ya kwanta a kai, na bar masa.

Da Abu Turki ya ba ni wa'adi, na tsara abin a kaina. Wuri biyu ake samun kare a garin nan in ba na titi za ka kama ba: wajen masu kiwon su don sayarwa, ko malja, wato gidan da wasu masu tausayi suke tara karnukan da aka tsinto ko aka yar. Na fara da mai kiwo, domin na ce abin da aka san asalinsa ya fi.

Wurinsa tsaf yake, da na'urar sanyaya ɗaki, kowane kare da takardar allurarsa. Ya nuna mini uwa da uba, manya kamar maruƙa, jininsu na tsaron dabbobi ne tun kakanni. Mutumin ya yi mini gaskiya. Ya ce manyan da yake da su mutane suka saba tsarewa, in na kai ɗaya cikin tumaki bai ɗauki alhakin abin da zai faru ba. Abin da ya dace da ni ɗan kwikwiyo ne, a sa shi cikin 'yan raguna tun yana ƙarami, ya tashi yana ganin su 'yan'uwansa.

"Yaushe zai fara aiki?" na tambaya.

"Ka ba shi shekara, ko fiye."

"Ina da zuwa layya."

Ya buɗe hannuwa. "Ya hajji, ni kare nake sayarwa, ba na sayar da lokaci."

Na fito na zauna a gefen hanya. Yaya, da kana nan me za ka ce? Na san abin da za ka ce, domin daga malja ka ɗauko Duna, kuma ni ne na fi kowa yi maka faɗa a lokacin. Na ce maka karen titi ɗan'uwan masu cin ragunanmu ne, wa ya san abin da bakinsa ya taɓa ɗanɗana? Har yau ina ganin maganata tana da gaskiya. Karen mai kiwo an san jininsa, amma sai an jira. Karen malja a shirye yake, amma ba wanda zai rantse maka a kan tarihinsa. Mai lokaci ya zaɓi na farko. Ni ba ni da shi.

Yaya yana da tsarinsa na zaɓen kare, mataki uku, kuma na gan shi da idona. Na farko, ya shimfiɗa rigar kare a ƙasa, mai ɗauke da warin tumaki, ya ja da baya. Karen da ya cafke ta ya girgiza, a bar shi, haka zai yi wa ɗan rago. Wanda ya gudu, a bar shi, haka zai guje wa gungu. Wanda ya shinshina ya kwanta kusa, shi ne. Na biyu, a ajiye karen a inuwa a bayan shinge har sai tsohuwar tunkiyar garke ta daina buga ƙafa in ta gan shi. Na uku, da hannu ake ba shi abinci, ba a jefa masa, kuma ba ya ɗanɗana naman abin da ya mutu a garke har abada.

Na zare rigar daga ƙarƙashin Duna da sanda, na goga ta a jikin tumaki, na sa a leda.

Matar da take kula da malja 'yar Jidda ce, amma kakanninta mutanenmu ne da suka zo aikin hajji suka zauna. Ummu Rim ake ce mata. Tana jin Hausa, in za ta amsa sai ta gauraya da Larabci. Ta tuna Yaya. "Mai riga," ta ce, da ta ga na zazzage ledar. Da na gaya mata ya rasu, ta yi masa addu'a, ta juya ta ɗan yi kamar tana gyara ƙofar keji.

Aka riƙa fito da karnukan ɗaya bayan ɗaya. Wani ya yage hannun rigar. Wasu suka ƙi matsowa. Har na fara fid da rai, sai aka fito da wata karya ja, siririya, da tabon igiya a wuya. Ta shinshina rigar tun daga wuya har ƙasa, ta zagaya, ta kwanta ta ɗora haɓa a kai.

"Ita," na ce.

"Sannu-sannu dai, baba. Akwai sharaɗi. Inuwa, ruwa, babu sarƙa duk yini, kuma za mu zo mu gani."

"Na yarda."

"Saura ɗaya. Taɓa ta."

Na tsaya.

"Ba na ba mutum kare sai na ga hannunsa a kansa," ta ce. "An sha ɗauka a kai gona a ɗaure kamar tsohuwar taya. Wannan haka aka yi mata. Yalla, baba, ina kallo."

Na dubi karyar, na dubi hannuna. Na tuna motar Abu Turki tana juyawa. Na sunkuya na ja rigar daga ƙarƙashin haɓarta, na kaɗe, na ɗora ta a kan jallabiyata. Yaya ya fi ni tsawo, gefenta yana jan ƙasa. Na durƙusa na sa tafina a kan karyar. Kanta yana da ɗumi, kuma tana rawar jiki.

Sai da muka kai bakin mota Ummu Rim ta gaya mini sauran.

"Gaskiya ɗaya, baba, kada ka ce na ɓoye. Tun da aka kawo ta ba mu taɓa jin haushinta ba. Wanda ya riƙe ta yana dukanta in ta yi. Wataƙila ya dawo, wataƙila a'a."

Na yi tafiya duk wannan nisa neman haushi, na samo karyar da aka kashe wa murya. Na so in mayar da ita nan take. Amma ita kaɗai ta ci matakin farko, kuma ban san wani tsari ba sai na Yaya.

Ga inda muke yanzu. Tana inuwar rumfa a bayan shinge. Tsohuwar tunkiya ta rage buga ƙafa, amma ba ta daina ba. Ina ba ta abinci da hannu, sanye da rigar, in gama in rataye, in wanke hannu yadda malamaina suka koya mini. Duna ya shinshine ta sau ɗaya ya koma barcinsa. Har yau ba ta yi haushi ba.

Sai dai na lura da wani abu. In ta ji motsi daga kwari, jikinta yana sandarewa, ta miƙe ta ja igiya. Saboda haka na fitar da tabarmata daga ɗaki, na shimfiɗa a rumfa, nake ɗaura bakin igiyarta a wuyan hannuna in zan kwanta. Wannan mataki na huɗu ne, ba ya cikin na Yaya, nawa ne. A makon jiya ta fizge ni, na tashi da fitila, na tarar da karnukan kwari sun fara haƙa, suka watse. Bayan nan kuma akwai ranar da magani ya fi ƙarfina, ta ja har ta goge mini fata ban farka ba, muka rasa ɗan rago. Abu Turki ya ji duka biyun. Bai janye maganarsa ba, layya kuma tana matsowa.

Ina tambayar kaina me Yaya zai ce in ya ga Liman kwance a ƙasa, ɗaure da karya. Zai yi dariya har ya riƙe ciki, wannan ba shakka. Bayan nan ina jin zai duba ƙullin igiyar ya ce na ɗaure ta da tsauri.

Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba, ko hotonsa mai kyau ba ni da shi sai na jikin tsohuwar iƙama. Abin da ya bari tsohon kare ne da ba ya ji, da matakai uku, da riga mai yagaggen hannu. Da can ina ganin wannan gado kaɗan ne ga mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a ƙasar nan. Yau da shi nake riƙe da zamana kusa da kabarinsa. Allah ya jiƙan Hamisu, ya haskaka makwancinsa. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, in kuma da saura, ya roƙa wa wata jar karya a kudancin Jidda Allah ya mayar mata da muryarta kafin layya.